Laftof don harkar waƙa: sabuwa, ta hannu, ko a gyara tsohuwa?

Ni ba injiniya ba ne, tireda gare ni a Agege. Sai dai ina da jarabar tara waƙa. Tsofaffin kaset-kaset na kalangu da kukuma da na gada wajen Baba, su nake juyewa cikin kwamfuta da daddare, ina goge musu shuu ɗin nan da manhajar gyaran sauti ta Audacity, tunda kyauta ce. Shi ya sa bayan sallar isha'i 'yan'uwa kan tare ni da tambayar wace laftof za su saya.

Wadda ta fi jan ido ita ce sabuwa dal a kwali mai araha, ita kuma na fi hana mutane. Kyan ɗan maciji gare ta. Yawanci ƙwaƙwalwarta (processor) Celeron ce mai rauni, RAM (ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita) 4GB, ma'ajiyarta 64GB a liƙe da allon ciki, ba ta ciruwa balle a ƙara. Windows kaɗai zai lashe babban kaso. Waƙa a WAV (fayil ɗin sauti da ba a matse ba) mai ingancin CD kuwa tana cin kusan 10MB duk minti ɗaya, kaset mai minti 90 ya doshi 1GB ke nan. Kafin ka gama kwali guda na kaset, wuri ya cika.

In ta ni ce, ta hannu za ka nema, wadda ake ce wa tokumbo a nan Legas: ThinkPad, Latitude ko EliteBook. Don aikin ofis aka ƙera su, suna da ƙwari, kuma kayan gyaransu ba sa wuya a Computer Village ta Ikeja. Amma kada sunan i7 na ƙwaƙwalwar kwamfutar ya ruɗe ka. Mai shago zai ce, "Alhaji, wannan i7 ce fa!" Ka ce ya buɗe maka lambar. Lambar farko bayan ɗan layin ita ce tsararta (daga tsara ta 10 kuwa, lambobi biyu na farko). i7-4600U ta 2013 ce, ƙwaya (core, wato sashen da ke yin aikin) biyu gare ta. I5-8250U ƙwaya huɗu, ta fi ta nesa ba kusa ba. Ga shi Microsoft ta janye hannu daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma daga tsara ta 8 take farawa. RAM kada ta gaza 8GB.

Kada ka shiga kasuwa hannu rabbana. Tafi da filasha mai waƙar da kunnenka ya haddace, da iyafis ɗinka. Na taɓa saye a wani shago ban gwada ba, sai a gida na tarar kunnen hagu kaɗai ke magana. Saurara sau biyu, da caja a jiki da kuma a cire. In ƙugi ya taso da zarar an jona caja, wataƙila cajar jabu ce, a canza maka nan take. Kasa kunne ga fankar cikinta ma, don mai gurnani sai ta shige cikin duk abin da ka ɗauka da makirfo. Leƙa ramukan USB, damshin Legas kan bar musu tsatsa kore-kore.

Batir kuwa, ka san halin wutarmu. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai nuna ƙarfin da aka yi batirin da shi da wanda ya rage masa. In ya faɗi ƙasa da rabi, a rage maka kuɗin sabo. A kuma shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, a gabanka ka ga ba a kulle da kalmar sirri ba.

Wanda ke da tsohuwa a gida mai nawa kawai, kada ya yi saurin rabuwa da ita. Sau da yawa faifan ciki mai juyawa ne ke jan ƙafa: shi da ƙyar yake wuce 100MB a daƙiƙa, SSD kuwa, ma'ajiyar zamani marar juyawa, na kaiwa 500. Canza shi da SSD, tsohon ka sa a ɗan akwatin USB ya zama rumbun ajiya na biyu. Amma in ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas, a daren nan za ka kwashe waƙoƙinka, kafin ma ka je Ikeja.