Tirelata ta daina cin taya, amma yaran Masta sun ɓata mini rai

Masu kirana suna tambayar inda na kai tirelata har ta daina cinye taya, ga amsarku a wuri ɗaya, don bakina ya gaji da maimaitawa. A Magazin ne, unguwar makanikai ta nan Suame a Kumasi, wurin wani dattijo ɗan Aboabo da ba ya taɓa komai sai sifirin da aksil, wato sandar ƙarfen da tayoyi ke maƙale a jikinta. Ba zan kama suna ba, saboda cikin maganata akwai wadda ba yabo ba ce, kuma a shekaru mutumin ya haife ni.

Tirelar ta kwanan daji ce mai aksil biyu, da tanti a samanta, tankin ruwa a ciki, da wurin girki. Da ita nake kai baƙi gandun dajin Mole su ga giwaye su tsaya masallacin Larabanga, lokacin Maulidi kuma mu ja ta zuwa Prang. Duk wanda ke bin hanyar Ofinso, Akumadan har Techiman ya san tudun rage gudu da ke bakin kowane gari, wasu ko fenti babu, sai ka hau kai kake sanin suna nan. Mota tana da shokazoba ta shanye, tirela kuwa bugun nan kai tsaye yake shiga ƙarfenta.

Tayoyin baya ne suka fara. Sabuwar taya, kafin a yi nisa gefe ɗaya ya suɗe, ɗayan gefen yana nan da zanensa kamar jiya aka saya. Mai faci ya ce iska ce. Wani wurin alaimen na kwamfuta da ke cikin gari, bayan sun sa na yi layi, suka ce injinsu ba ya ɗaukar tirela, amma hakan bai hana su yi mini balansi su sayar mini da taya biyu ba. Su ma biyun hanyar 'yan'uwansu suka bi. Kun dai san kuɗin taya yanzu, ba sai na tayar muku da hankali ba.

Wani direban babbar mota da muke sallah tare ne ya ce in je wurin Masta, wato dattijon nan. Da na ga rumfar, gaskiya gwiwata ta yi sanyi. Kwano ne a kan sanduna, tulin tsofaffin sifirin a gefe, ƙasa ta yi baƙi ƙirin da baƙin mai. Na fara zayyana masa tarihi, ya ɗaga mini hannu. Ya tsuguna ya shafa tafinsa a fuskar tayar daga ciki zuwa waje, ya sake shafowa daga waje zuwa ciki, sannan ya kama hannuna ya ce, “Ɗana, shafa ka ji.” Ta ɓangare ɗaya sumul, ta ɗayan kuwa zanen yana kartar hannu kamar haƙoran zarto. Ya ce, “Wannan ba iska ba ce. Iska in ta yi yawa tsakiya take ci, in ta yi kaɗan ta ci gefe biyu tare. Tayarka jan ta ake yi a karkace.”

Abin da ya yi bayan nan shi ne ya sa nake wannan rubutu. Ya sa aka tura tirelar kan ɗan simintin da ke gaban rumfar makwabcinsa, don nan ne ƙasa take daidai. Ya ɗauko zare ya ɗaura masa noti, ya sako shi daga tsakiyar bakin tirela, inda take kama ƙwallon mota, ya yi alama da alli a ƙasa. Daga alamar ya ja tef zuwa bakin aksil na gaba ta dama, ya ja ta hagu. Suka zo ɗaya. Sai ya auna tsakanin aksil na gaba da na baya. Ta hagu ta fi ta dama tsawo da kusan santimita 2. Ya ce abin da ake yafewa bai wuce milimita 3 ba. Ya ce da aksil ɗaya gare ta, da sai dai ta riƙa bin mota a ɗan karkace, tayar ba za ta sha wuya sosai ba. Amma da yake biyu ne, na gaba yana son miƙewa, na baya yana son kaucewa, kuma babu mai biyan kuɗin rigimarsu sai roba.

Bai tsaya nan ba. Ya shiga ƙarƙashi da tocila ya nuna mini inda sifirin hagu ke zaune a kan aksil. Ko'ina tsatsa ce, sai wani ɗan layi yana ƙyalli, alamar ƙarfe yana goga ƙarfe. Yaro ya kwance yu-bol, ƙarfen nan mai siffar U da ke ɗaure sifirin a kan aksil, sai ga kan senta-bol ya faɗo a tafin Masta, guntule. Wannan ɗan ƙarfen shi ke riƙe fallayen sifirin wuri ɗaya, kansa kuma ya shiga rami a mazaunin aksil don kada ya motsa. Da ya karye, aksil ya zame baya ta gefe ɗaya. Abin da bai kai kuɗin abincin rana ba, shi ya ci mini tayoyi. Na riƙe guntun nan ina jujjuya shi, ban san lokacin da na yi dariya ba.

Ni ban ma kawo ƙarar tayoyin gaba ba, shi ya ce su ma sun fara ci ta ciki, dukansu biyu. Ya ja zare daga wannan baki zuwa wancan a ƙarƙashin aksil na gaba. Ashe aksil ɗin tirela da ɗan doro yake zuwa daga kamfani, tsakiyarsa ta ɗan ɗaga sama, don in an ɗora kaya ya miƙe tayoyi su tsaya cak. Nawa doron ya tafi, shi ya sa kawunan tayoyin suka sunkuyo ciki. Ya tambayi girman tankina, na ce lita 200. Ya ce, “To kilo 200 ke nan, kafin gas da katifu da buhun shinkafa. Ka riƙa cika ruwanka a Damongo mana, me zai sa ka ɗauko shi tun daga Kumasi?” Wani mai walda da ya leƙo ya ce a gasa ƙarfen da wuta a lanƙwasa, minti kaɗan an gama. Masta ko kallonsa bai yi ba. Ya ce wuta tana kashe ƙarfin ƙarfe, a sanyi za a matsa shi da inji, in ya ƙi a sayi wani. Ya ƙara da bushin ɗin ƙarfen tsakiya da ke haɗa sifirin gaba da na baya, ya ce sun cinye, a canza duka.

Ranar na koma gida ina ta yabonsa. Har koko da ƙosai na saya wa yaransa. Da a daren nan na yi rubutun nan, da cewa zan yi kowa ya rufe ido ya kai kayansa.

To amma na bar tirelar a hannunsu, kuma nan aka fara. “Gobe” ta Magazin kun san ta. Ka zo a ce Masta ya tafi jana'iza, ka dawo a ce babu wuta, ka sake dawowa a ce mai injin matsawa ya rufe. Wannan duk na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ranar da na shigo ba zato na tarar babban yaronsa ya kafa jak a tsakiyar aksil ɗin da aka gama mayar wa doro, ya ɗaga tirelar a kai. Wurin da ubangidansa da bakinsa ya ce mini kada in taɓa sa jak, a shasi ake sawa. Na yi magana, yaron ya ce, “Alhaji, ba komai, kullum haka muke yi.” Kullum! Sai da na sa aka sake jan zare a gabana kafin hankalina ya kwanta.

Sai maganar yu-bol. Masta ne ya ce wanda aka taɓa ɗaurewa ba a mayar da shi, don ya riga ya miƙe, ba zai sake riƙewa kamar da ba. Na biya kuɗin sababbi guda 8 ta Momo, wato ta waya, babu ciniki. Ya ce in an yi ɗan nisa in tsaya a sake ɗaure notocin. A Kintampo na tsaya, mai sufana ya kama noti, sai baƙin fenti ya ɓare, tsatsa ta leƙo. Rabinsu tsofaffina ne aka wanke da fetur aka fesa musu fenti. Ga baƙi Turawa a cikin mota suna jira, ga ni a tsugune a bakin hanya raina yana tafasa. A wurin kuma na lura murfin giris na taya ɗaya babu shi, boris a buɗe yana shan ƙura, alhali muna shirin shiga jar ƙasar cikin Mole.

Da na dawo na same shi. Ya kira yaran ya wanke su tas a gabana, har na fara jin tausayinsu. Ya sa aka ɗaura sababbi. Amma kuɗin aikin sake ɗaurawa sai da ya ce in ɗan ba yara wani abu, wai “yara ne, ka yi haƙuri, ɗana.” Baba, ni aka cuta, ni kuma zan yi sallama? Na bayar don girmansa, amma har yanzu in na tuna sai na ji wani iri.

Aikin kansa ba ni da ta cewa. Tirelar tana bin mota a miƙe, in na duba madubi gefe biyu daidai nake gani. An je arewa an dawo, an je Prang ta Ejura da Atebubu, na shafa tayoyin ta kowane ɓangare sumul. Idon Masta, na kwamfuta bai kama ƙafarsa ba. Mai tirela ko ƙaramar mota mai sifirin da ke cin taya gefe ɗaya, ya je, amma ya sayi yu-bol da senta-bol da bushin da hannunsa a layin masu kayan gyara, ya zo da kujerarsa ya zauna har a ɗaure noti na ƙarshe, kuma ya tabbatar Masta yana nan. In an ce ya fita, juya kawai.

Murfin giris kuwa sun ce suna nema. Gwangwanin madara ne a wurin har yau, mai facin Kintampo ya buga mini shi da guduma.