Tsohon Mazubi: A Gyara ko A Sake?

A Yamai na gaji mazuban filasta na kawuna, na yin raƙumin dawan yumɓu, irin na garin Kure da ke kusa da Yamai. Hanya biyu ce.

Gyara ya fi araha: a wanke, a shanya a inuwa, a cike tsaga da sabuwar filasta. Amma facin ba ya shan ruwan yumɓu daidai da tsohon jikin, sai ka ga tabo a wuyan dabbar. Zanen fatar da ya goge kuwa ya tafi ke nan.

Sakewa, wato zuba sabon mazubi a kan gasasshen raƙumin dawan yumɓu da kawu ya yi, tana dawo da zanen tsaf. Sai dai yumɓu na ƙanƙancewa da kusan kashi 10 cikin 100, kowane zubi ɗan ya fi uban gajarta. Ni dai sakewar na zaɓa.