Wasiƙa zuwa Agege kan yadda ake raba masu sauka da masu tashi

Yaya Alhaji, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da jama'ar Zango baki ɗaya, na samu saƙonka cewa tafiyarka za ta biyo ta Amsterdam. Na ga ya dace in yi maka bayani a rubuce, domin shekara huɗu ke nan ina aikin tura keken tsofaffi da marasa lafiya a filin jirgin Schiphol na Amsterdam, kullum ina bin hanyar da matafiyi ba ya bi sai jefi-jefi.

Filin Murtala Muhammed na Ikeja, wanda aka buɗe ɓangarensa na ƙasa da ƙasa a 1979, da wannan filin aka yi koyi wajen zana shi, saboda haka ba za ka ji baƙunta sosai ba. A gida ka saba masu tashi suna hawa sama, masu sauka suna fitowa ta ƙasa, inda 'yan tarba suke cincirindo. Dalilin rabawar shi ne abin da ban gane ba sai da na fara aiki a nan. Fasinjan da aka bincika tamkar mai alwala ne; da zarar ya cuɗanya da wanda ba a bincika ba, har aka samu damar miƙa wani abu daga hannu zuwa hannu, to binciken ya karye, sai an sake.

Kafin 2015, masu zuwa ƙasashen da ba na Shengen ba (Shengen rukuni ne na ƙasashen Turai da suka ɗage shingen iyaka a tsakaninsu) a bakin ƙofar jirgi ake bincikarsu. A wannan shekarar aka mayar da binciken wuri guda, aka kuma ƙara bene a kan wasu dogayen barandun da jirage suke tsayawa. Idan jirginku ya iso daga Legas da asuba, ta wannan benen za ku bi, kana hangen masu jiran tashi ta cikin gilashi, amma ko gaisuwar hannu ba za ta yiwu ba. Na taɓa tura wata dattijuwa da ta hango jikanta a ƙasa, ta yi ta ɗaga masa hannu tana roƙona in kai ta, sai da na rarrashe ta muka zagaya, aka sake bincika jakarta, sannan suka haɗu. Wanda ya taso daga Amurka ba a sake bincikarsa, domin Tarayyar Turai ta amince da binciken can. Mai zuwa daga Faransa ko Sifen kuwa, kai tsaye yake shiga cikin masu tashi, ko fasfo ba a tambayarsa, tun da aka ɗage shingen iyaka tsakanin ƙasashen Shengen a 1995.

Kowace ƙasa da nata tsarin. A Amurka babu teburin buga fasfo ga mai fita, amma duk wanda ya sauka sai ya bi ta wurin jami'an shige da fice, ko da wucewa kawai zai yi.

Abin da ya fi burge ni, wanda kuma nake yi wa ƙasarmu fatansa da gaske, shi ne gini ne yake yin rabin aikin a nan. Ƙofar fita tana buɗewa ta gefe ɗaya ne kawai, wanda ya wuce ba ya komawa, ko da ya manta wayarsa a kan kujera. Domin haka ba a buƙatar tebur bayan tebur, kuma tsoho ba ya gajiya da buɗe jaka sau uku. Mu ma ma'aikata, duk da katin da ke rataye a wuyanmu, sai an bincika mu kafin mu shiga.

Idan za ka shigo gari, 'yan sandan soja ne za su duba fasfonka, sannan ka ɗauki kayanka ka bi ta kwastan. Don Allah kada Hajiya ta sa maka kilishi ko dambun nama, domin an hana shigo da nama daga wajen Tarayyar Turai, kuma ƙwacewa za a yi. Zan tsaya maka a bayan ƙofar fitowa in sha Allahu, sai ka tabbata jakunkunanka sun cika kafin ka tsallake ta.