Wata guda ina sauraron faifan Haydn na ƙungiyar Kodály

Yau wata guda ke nan da na sayi faifan da ƙungiyar Kodály Quartet ta ƙasar Hangari ta naɗa wa kamfanin Naxos, mai ɗauke da uku na farko cikin kiɗe-kiɗe shida da Joseph Haydn, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Ostiriya, ya tattara a Opus 76, wato lambar da aka ba wannan rukuni na ayyukansa. Makaɗa huɗu ne kacal: masu goge biyu, da mai biyola, wadda ta fi goge kaurin murya, sai mai celo, babbar da ake riƙewa tsakanin gwiwoyi. Ba ganga, ba mawaƙi.

Ranar farko a ƙaramar lasifika na kunna, sai na ji kamar goge ɗaya ne ke ta faman kuka shi kaɗai. Ashe lasifikar ce ta haɗiye muryar celo. Da na sa abin sauraro a kunne bayan sallar isha'i, gida ya yi tsit, sai ga su su huɗu, kowa da mazauninsa, har jan numfashin bakan a kan tsirkiya ina ji.

Na ukun, wanda ake kira na Sarki, shi ya kama ni, musamman kashinsa na biyu. A 1797 Haydn ya tsara wani take na yabon Sarki Francis na biyu, mai mulkin Ostiriya a lokacin, karin da daga baya Jamus ta ɗauka ya zama na taken ƙasarta. A nan sai ya maimaita shi sau huɗu bayan gabatarwa, kuma bai taɓa jikin karin ba. Goge na biyu ya fara ɗauka, na farko yana yi masa ado daga sama, sauran biyun sun yi shiru. Sai celo ta karɓa, nan ne tsigar jikina ta tashi, don muryarta kamar ta dattijo ce mai magana a hankali. Daga ita sai biyola, wadda galibi a tsakiya take ɓoye, ta samu fili. A ƙarshe ya komo hannun goge na farko a sanyaye. Makaɗan ba sa gaggawa, kuma ba wanda ke danne ɗan'uwansa. Wannan ladabin nasu shi na fi yaba wa faifan.

A kashi na farko akwai wurin da biyola da celo ke riƙe sauti ɗaya suna gunji, goge yana kaɗa kiɗan rawar ƙauye a kai. Duk wanda ya saba da goge irin namu zai ji kusanci a nan.

Kashi na ƙarshe ya buɗe da ƙarfi har sai da na rage murya, kuma har yanzu bai shige ni kamar na biyun ba. Wanda zai gwada, ya nemi abin sauraro mai fitar da kaurin sauti, ya fara da kashi na biyu, ya bi celo da kunne idan ta karɓi karin.