Google Trends: na shiga neman kalma biyar, na ɓige da leƙen asirin jama'a

Ni ba ɗan tallar intanet ba ne. Ƙanwata ce ta ce, "Yaya, don Allah duba min abin da mutane ke rubutawa in suna neman irin aikina." Cikin minti goma na gama mata. Awa ukun da suka biyo baya kuwa shiririta ce zalla, kuma ban yi da-na-sani ba.

Google Trends, shafin da ke nuna yadda mutane ke neman kalma a Google, kyauta ne, ko rajista ba ya nema. An buɗe shi a 2006, amma bayanansa sun faro tun daga 2004. Ka rubuta kalma, ka zaɓi ƙasa da lokaci, sai ya zana maka layi mai hawa da sauka. Har kalma biyar yake bari ka gwara kansu. Na fara da kare da kyanwa, da Turanci. Kare ya yi gaba, ni kuwa ɗan gidan kyanwa ne, sai na haɗiye.

Da na sa kalmar rage ƙiba ne abin ya kama ni. Duk farkon Janairu layin sai ya yi tsalle, kafin Disamba ya kwanta warwas, shekara ta zagayo ya sake miƙewa. Shekara ashirin ana ɗaukar alkawari ɗaya ana saɓawa! Daga nan na rage lokacin zuwa kwana bakwai, inda yake nuna awa-awa, na zaɓi ƙasa guda na rubuta "na kasa barci". Tsakar dare layin ke hawa, gari na wayewa ya sauka. Na ɗaga kai na dubi agogo, ashe ni ma ina cikin lissafin.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na husufin rana. Ranar 8 ga Afrilu, 2024, da aka yi shi a Amurka, an yi ta gargaɗin kada a kalli rana da ido tsirara. Je ka duba masu rubuta cewa idanunsu na ciwo a ranar: layin ya miƙe kamar mashi. Haka aka yi a husufin Agusta 2017. Kunne ya ji, ido ya ƙi.

Akwai tarko ɗaya, kuma na faɗa ciki da ƙafa biyu. Lambobin nan na 0 zuwa 100 ba yawan mutane ba ne. Ɗari na nufin lokacin da kalmar ta fi samun kaso mai tsoka cikin dukkan binciken wurin da ka zaɓa, sauran lambobin da ita ake auna su. Na ga wata kalma tana ta gangarowa tun 2004, na yi wa ƙanwata shelar cewa ta mutu. Ashe yawan masu nemanta na iya ƙaruwa, kasonta ne ya ragu saboda binciken duniya ya ninka. Shi ya sa ma ƙaramar ƙasa kan hau saman babba a jerin. Kuma samfuri ake ɗiba, ba duka ake ƙirgawa ba, don haka kalmar da ba ta da jama'a sai ka ga sifili, ko layi mai rawa kamar mazari.

Mai son adadi sai ya nufi Keyword Planner, kayan aikin Google na masu talla, amma wannan sai da asusun talla na Google Ads, kuma wanda ba ya kashe kuɗin talla ƙiyasi mai faɗi yake samu, irin 1,000 zuwa 10,000. Na aiki ne, ba na wasa ba. AnswerThePublic ya fi shi raha: yana tattara cikon da injin bincike ke yi maka in ka fara rubutu, ya jera tambayoyin a da'ira, su me ya sa, su yaushe, su ta yaya. Sai dai binciken kyauta ƙidayayye ne a rana, kana cikin jin daɗi za ka ci karo da bango.

Don nishaɗi dai Trends na zaɓa. Ƙanwata ta karɓi kalmominta biyar ta yi godiya. Washegari ta aiko min da hoton wani layi ƙarfe ɗaya na dare, wai ta samo ƙasar da kyanwa ta kayar da kare.