Kafin ka sayi talabijin ko dikoda, danna maɓallin jadawali ka gani

Mai neman sabuwar talabijin yakan tsaya yana duba kyan hoto da faɗin allo, ya biya ya ɗauka. Ba a jimawa ido ya saba da hoton, sai abin da ke ba shi haushi kullum ya zama neman abin kallo: ina tashar labarai ta shige, ƙarfe nawa za a fara ƙwallo, me ya sa sai an yi ta danne-danne kafin a koma tashar da aka baro. Duk wannan aikin jadawalin shirye-shirye ne, wanda ke fitowa idan ka taɓa maɓallin da aka rubuta wa Guide ko EPG, da kuma yadda aka ƙera rimot. A nan na'urorin suka fi bambanta, kuma ba kasafai mai sayarwa ke nuna maka ba.

Tsari biyu ne ke gogayya. Akwai jadawali mai gidaje: tashoshi a jere daga sama zuwa ƙasa, lokaci kuma daga hagu zuwa dama, galibi rabin awa-rabin awa. Tsohon tsari ne. A Amurka tun 1981 aka buɗe tashar da ba ta da aiki sai nuna jerin shirye-shirye yana hawa sama a hankali, idan taka ta wuce sai ka jira ya zagayo. Yau kai ke tuƙa shi da kibiyoyi huɗu da maɓallin OK. Ɗayan tsarin shi ne layukan hotuna irin na Netflix, wanda ba ruwansa da agogo. Na farko yana gaya maka abin da ake nunawa yanzu da wanda zai biyo baya; na biyu yana tallata maka abin da yake zaton za ka so. Gidan da labarai da ƙwallo da shirin kai tsaye suka fi yawa, na farko ne nasa.

Dikodar kamfanin da ake biya duk wata ita ta fi iya jadawali mai gidaje, domin kamfani ɗaya ne ke da tashoshin da akwatin da bayanan. Lambar tasha ba ta yawo, rimot yana da lambobi daga 0 zuwa 9, kana iya sa tunatarwa, wasu akwatunan ma su naɗa maka shiri daga cikin jadawalin. Aibinta shi ne takan cusa maka tashoshin da ba ka biya ba a tsakanin naka, ka danna ka ci karo da saƙon "sabunta rajistarka". Ka tambaya ko ana iya ɓoye su, ko aƙalla a tara waɗanda kake so a jeri guda.

Risiba ta tashoshin kyauta, ta tauraron ɗan'adam ko ta eriya, ita ce inda mutane suka fi cizon yatsa, kuma sau da yawa ba laifin akwatin ba ne. A tsarin watsa talabijin na dijital da ake kira DVB, wanda Turai da Afirka da yawancin Asiya ke amfani da shi, bayanin shirye-shirye yana zuwa ne a cikin siginar tashar kanta, kashi biyu: na shirin yanzu da mai bi masa, da kuma na kwanaki masu zuwa, wanda kan kai mako guda. Idan tasha ba ta aiko ba, komai tsadar risibarka gidajen wayam za ka gan su. Saboda haka rubutun "jadawalin kwana 7" a jikin kwali yana nufin akwatin zai iya nunawa ne idan an ba shi. Abin da ya rage a hannun akwatin shi ne ko yana adana bayanin. Marasa kyau sai ka tsaya a kan kowace tasha kafin layinta ya cika, ka kashe kuma su manta. Idan kuwa ka ga kowane shiri ya goce da awa ɗaya cif, saitin lokacin ƙasarka ne bai daidaita ba, gyaran minti guda ne.

Talabijin mai intanet tana ƙoƙarin haɗa tsarin biyu, kuma kowane kamfani da inda ya karkata. LG, da talabijin ɗinsa ke aiki da babbar manhajar webOS tun 2014, yana da rimot mai ɗan kibiya da ke bin hannunka a allo, da ƙaramar taya ta gungurawa. A dogon jadawali wannan taya tana rage wahala ƙwarai, sai dai mai rawar hannu zai sha fama da kibiyar. Samsung, da ke amfani da babbar manhajar Tizen tun 2015, ya ƙanƙantar da rimot har ya cire lambobi daga yawancin sabbin samfuransa: sai ka kira lambobin su fito a allo, sannan ka bi su ɗaya-ɗaya da kibiya. Ga wanda ya haddace lambobin tashoshinsa, wannan koma baya ne, ko me masu zane za su ce. Google TV, tsarin kamfanin Google da ya fito a 2020 kuma ake samu a talabijin na Sony da TCL, shi ya fi iya tattaro fina-finai daga manhajoji daban-daban, amma tashoshin eriya kamar baƙi suke a cikinsa. Samsung da LG kuma suna da nasu tashoshin intanet na kyauta da kan shigo jadawali a ƙasashen da suke aiki, su tsawaita shi fiye da kima.

Ƙananan na'urorin da ake soka wa a ramin HDMI, irin su Roku da Fire TV Stick da Apple TV, ba sa kama eriya ko tauraro sam, komai ta intanet ne. Fire TV yana ba talla wuri mafi girma a shafin farko, Roku ya fi sauƙin fahimta, Apple TV ya fi tsabta amma kowace manhaja da nata jadawalin. Ga mai kallon fim da silsila sun wadatar.

Idan ka samu dama, karɓi rimot ka yi gwaji da kanka. Buɗe jadawali ka ga ko hoton tashar da kake kai yana ci gaba a wani lungu, ko sauti ma ɗaukewa yake. Ƙirga tashoshi nawa ke fitowa a shafi ɗaya: ƙasa da biyar gungurawa ta yi yawa, sama da goma rubutu ya ƙanƙance. Ja da baya kamar mita uku, inda kujera za ta kasance, ka karanta sunan wani gajeren shiri mai tsawon minti goma sha biyar. A wasu na'urori gidansa a jadawali ya yi ƙunci har haruffa uku kawai ke fitowa. Riƙe kibiyar ƙasa ka ga ko allon yana bin yatsanka ko yana jan ƙafa, domin na'urar da ke nauyi tana sabuwa ba za ta yi sauri ba bayan ta cika da manhajoji. Sai ka nemi hanyar tsallakawa zuwa gobe da dare: maɓalli ɗaya ne, ko sai ka ratsa awa ashirin da huɗu?

Wasu ƙasashe sun ci gaba a wannan fanni. A Birtaniya, Freeview Play, wani tsarin tashoshin kyauta, yana barin ka ja jadawali baya har kwana 7 ka kalli abin da ya wuce ka, amma irin wannan ya dogara da yarjejeniyar tashoshin ƙasa, ba ya bin akwatin zuwa wata ƙasa.

Idan akwai dattijo ko mai raunin gani a gidan, rimot mai lambobi da manyan maɓallai ya fi duk wani binciken murya, wanda harsunan da yake ji ƙalilan ne. Ka duba kuma ko na'urar tana karanta jadawali da baki: Voice Guide a Samsung, VoiceView a Fire TV, VoiceOver a Apple TV. Wanda kuma zai haɗa dikoda da talabijin mai intanet, ya kunna HDMI-CEC, wanda Samsung ke kira Anynet+, LG ke kira SimpLink, don rimot ɗaya ya riƙa kunnawa da kashewa da sarrafa sauti.