Teku a kwance da teku a harzuƙe: ina ganin na'urar ADCP ke tsayawa?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa na'urar auna gudun ruwa da ke manne a ƙasan jirgi, wato ADCP, take kaiwa zurfin kusan mita 700 wata rana, wata rana kuma ko rabin haka ya gagara, alhali ba wanda ya taɓa ta. Galibi lafiyarta ƙalau, tekun ne ya canja.

Ita ADCP sauti take harbawa ƙasa ta fuska huɗu, sannan ta kasa kunne ga amsa-kuwwar da ke dawowa daga ƙananan halittun da ruwa ke tafe da su. Inda amsar ta daina jiyuwa, nan ganinta ya ƙare.

In teku a kwance yake, ƙasan jirgi ruwa ne zalla, sauti ya wuce salin-alin. Na'ura mai kilohaz 150 (kilohaz ma'aunin sirantar sauti ne, in lambar ta ƙaru sautin ya ƙara siranta) kan kai wajen mita 400, mai 75 wajen 700, mai 38 kuwa har 1000, domin ruwan gishiri ya fi saurin shanye siririn sauti.

In ya harzuƙa fa? Mutane kan ɗora laifin a kan girman igiyar ruwa, amma ni a ganina babbar matsalar kumfa ce. Goshin jirgi ya ɗaga ya faɗo, ya tura iska cikin ruwa, kumfar ta bi ta ƙarƙashi ta lulluɓe fuskar na'urar. Sautin sai ya ratsa ta sau biyu, a tafiya da a dawowa, kowane karo tana rage masa ƙarfi. Ga kuma hayaniyar farfela da bugun ruwa suna danne ɗan abin da ya dawo. Ma'aunin can ƙasa ne ke fara ɓacewa, in abin ya yi tsanani ma a rasa komai na ɗan lokaci. Shi ya sa a rana ɗaya, jirgin da ke tunkarar igiyar ruwa kan yi asarar zurfi fiye da wanda ya ba ta baya.

Kada dai ka ɗauka kwanciyar teku kaɗai ta isa. Ruwa garau mai ƙarancin halittu ba ya mayar da amsa mai ƙarfi. Halittun kuma suna haurowa sama da dare, su nutse da rana, don haka zurfin kan bambanta ko iska ba ta motsa ba.

In kana son tantancewa, duba lokacin da zurfin ya ragu, ka haɗa shi da gudun jirgi da inda ya fuskanta. In ya farfaɗo da aka rage gudu ko aka juya, kumfa ce.